Edita, ba tafiyar Soto ba ce ta kashe Yankees

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ka ɗan sam min fili a shafin wasiƙu na wannan jarida tamu mai farin jini in amayar da abin da ke cina, duk da na san wasu masu karatu za su ce wannan kuma wane irin wasa ne ya kwaso mana, mu da muka saba da Firimiya da Laliga. Maganar besbol zan yi, kuma maganar ƙungiyar Yankees ta nan unguwarmu Bironks a birnin Niyok. Ka san fa muna da yawa a nan, Hausawan zangon Kumasi da na Nima da 'yan Nijar da ɗaiɗaikun 'yan Najeriya, masu tuƙin tasi da masu shago da masu aikin asibiti, kuma filin wasan yana nan kan layi na 161, ranar da ake wasa ko ba ka so sai cunkoson motoci ya sanar da kai. Yaranmu da aka haifa a nan ba ruwansu da Arsenal, hular Yankees suke yawo da ita, su ne suka ja mu ciki har ga shi yanzu tsofai-tsofai da mu in an sauko daga Juma'a sai ka ji ana musu a kan wa ya kamata ya fara duka wa ya kamata a sallama.

To tun da Toronto ta kora mu gida a watan Oktoba na 2025 magana ɗaya ake ta nanatawa, a majalisa, a wajen aski, har maƙwabtanmu 'yan Dominika da ke shagon kwana, wai da Juan Soto, gwanin dukan da ya bar mu, yana nan da ba haka ba. Ni kam na gaji da jin ta wallahi, shi ya sa na ce bari in rubuto.

Bari in ɗan yi wa wanda bai san wasan ba bayani a gurguje. Mutum tara ke cikin jerin masu duka, kowa da lambarsa daga ɗaya zuwa tara, mai jifa na ɗaya ɓangaren ya wurgo ƙwallo kai kuma ka make ta da sanda ka ruga, in ka zagaye tashoshi ka dawo gida an ci maki ɗaya. In ka make ta ta tsallake katanga shi ne hom-ran, kai da duk wanda ke kan tasha ku taho gida a tsanake. In kuma ka kuskure sau uku an fitar da kai, ka koma benci. Zagaye tara ake yi, kuma wasa 162 kowace ƙungiya ke bugawa a shekara kafin a shiga na kifa ɗaya ƙwala. Sannan a nan ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga hannun wata ƙungiya ba kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa, musaya ake yi, ka ba ni babba ɗaya in ba ka yara uku ko huɗu masu tasowa, shi kuma ɗan wasa sai ya yi shekara shida a babbar gasa kafin ya zama mai 'yancin kansa ya tafi inda aka fi taya shi.

A haka muka samu Soto. Watan Disamba na 2023 Brian Cashman, wanda ke riƙe da harkar 'yan wasa tun 1998, ya kwashi mutum biyar ya ba San Diego, ciki har da Michael King wanda ya je can ya zama babban mai jifa, ya karɓo Soto da wani Trent Grisham wanda a lokacin kowa ya ɗauke shi a matsayin gyara, irin wadda mai tumatir ke ƙara maka bayan an gama ciniki. Kowa ya san shekara ɗaya tal ta rage a kwantiragin Soto. Kuma gaskiya yaron ya yi aiki, hom-ran 41, yana duka a lamba biyu Aaron Judge na biye da shi a lamba uku da nasa 58, mai jifa ya rasa wa zai guje wa. Shi ne ya buga hom-ran ɗin nan a zagaye na goma a garin Cleveland da ya kai mu World Series, wato karawar ƙarshe ta cin kofi, karon farko tun 2009. Ba wanda ke musun wannan. Da shekara ta ƙare Yankees suka taya dala miliyan 760 na shekara 16, Steve Cohen mai ƙungiyar Mets ta unguwar Kwins ya ajiye miliyan 765 na shekara 15, yaro ya tsallaka Kwins abinsa. Masu cewa ya ci amana ni ban ga amanar da ya ci ba, shekara ɗaya ya yi da mu, ba a nan ya tashi ba, kuma duk cikin masu zaginsa ban ga wanda zai bar kuɗi a ƙasa saboda a yi masa tafi ba.

Amma tambayata ga masu kukan Soto ita ce, lokacin da yake nan ɗin mun ci kofin ne? Wa ya manta da daren 30 ga Oktoba 2024, wasa na biyar na World Series da Dodgers, a gidanmu, muna gaba da ci 5 da nema, Gerrit Cole yana jifa kamar ba gobe, sai aka shiga zagaye na biyar. Judge da kansa ya saki ƙwallon da ta taho masa har hannu, Anthony Volpe ya yi jifan banza zuwa tasha ta uku, Mookie Betts ya buga wata 'yar ƙwallo mai gangarawa wajen Rizzo mai tsaron tasha ta farko shi kuma Cole ya tsaya yana nuni da hannu maimakon ya ruga ya tare tasha ta farko. Maki biyar suka shiga a zagaye ɗaya, ƙarshe aka tashi 7 da 6, Dodgers suka ɗaga kofi a filinmu muna kallo. Soto yana cikin fili a daren nan fa. Ba duka muka rasa ba, kamun ƙwallo da sanin inda za ka tsaya muka rasa, abin da ake koya wa yara 'yan firamare a filin Macombs Dam da ke tsallaken titi.

Sai ga 2025 babu Soto. Kuɗin da ba a ba shi ba aka raba, aka ɗauko Max Fried a kan miliyan 218 na shekara takwas, aka karɓo Cody Bellinger daga Cubs, aka kawo dattijo Paul Goldschmidt na shekara ɗaya. Cole ma ko jifa ɗaya bai yi ba duk shekarar saboda tiyatar gwiwar hannu da aka yi masa a watan Maris. Duk da haka wasa nawa muka ci? 94, daidai da na shekarar da Soto ke nan, ba ƙari ba ragi. Babu ƙungiyar da ta kai mu yawan maki a duk gasar, babu wadda ta kai mu hom-ran, 274 muka buga. Fried ya ci wasa 19, Bellinger ya buga 29 ga iya tsaron fili ko ina ka ajiye shi, shi kuma Grisham ɗin da ba wanda ya kula da shi ya tashi da 34. Su kuma Mets da suka kwashi Soto, shi dai ya yi nasa, hom-ran 43 ba wasa ba ne, amma wasa 83 suka ci, ranar ƙarshe aka rufe musu ƙofa ko zagayen gaba ba su leƙa ba. To ina maganar take?

Ka duba yadda Toronto ta yi mana. Wasa huɗu aka buga, suka zura mana maki 34. Na farko 10 da 1, na biyu 13 da 7, wanda wani yaro sabon shiga Trey Yesavage ya fitar da mutanenmu har sau 11 ba wanda ya samu ya taɓa masa ƙwallo ta kirki, Vladimir Guerrero kuma ya yi ta wasa da masu jifanmu. Luis Gil bai daɗe ba, Fried ya sha duka, Carlos Rodón ya sha duka. Soto mai jifa ne? Ko da shi da kakansa suna cikin jeri ba za su hana maki 34 shiga ba. Kuma abin da ya bambanta mu da Toronto a bayyane yake ga duk mai ido, su mutanensu ba sa yarda a fitar da su a banza, sai sun taɓa ƙwallon ko yaya ne, su tilasta maka ka kama ka jefa, in ka yi kuskure su ci, a duk gasar su ne suka fi kowa ƙarancin faɗuwa a jifa uku. Mu kuwa kowa ya zo katanga yake hange, in ta tsallake a yi ihu in ba ta tsallake ba a koma benci. A watan Yuni da kake haɗuwa da ƙananan ƙungiyoyi wannan yana ci, amma a Oktoba da kowa ke fito da gwanayen masu jifansa sai ka ga an yi zagaye biyar ba mu da ko mutum ɗaya a kan tasha. A wasa na huɗu ma kuskuren Jazz Chisholm ne a zagaye na bakwai ya buɗe musu ƙofa, ƙwallon da ya kamata ta fitar da mutum biyu a tare ta kuɓuce masa. Ciwon 2024 dai shi ne ya dawo.

Yanzu bari in zo kan Volpe, don nan ne ni da wani Alhaji ɗan Kumasi da muke zama tare muka kusa ɓatawa. Shi yana son yaron, kuma na gane dalili, a yankin nan ya tashi, tun yana ƙarami Yankees yake bi, ya ci kyautar gwanin kamu a shekararsa ta farko 2023, ya buga hom-ran mai maki huɗu a World Series, ga ladabi ga fara'a. Duk na yarda. Amma Edita wurin da yake tsarewa, tsakanin tasha ta biyu da ta uku, shi ne wurin da ƙwallo ta fi bi, nan Derek Jeter ya tsaya kusan shekara ashirin. Yaron nan ya yi kuskure 19 a 2025, dukansa kuma .212, wato a duk zuwa biyar da ƙyar yake samun ɗaya, shekara uku ke nan a jere ana cewa bana zai gyaru. Abin da ya fi ba ni haushi ma ba shi ba ne, masu gidan ne. Tun farkon watan Mayu ya ji ciwo a kafaɗa, aka ci gaba da saka shi kullum kullum, duk ɗan jaridar da ya tambaya sai koci Aaron Boone ya kare shi ya nuna ba komai, sai da shekara ta ƙare aka kwantar da shi aka yi masa tiyata a kafaɗar. To in lafiyarsa ƙalau me ya kawo tiyata, in kuma ba lafiya me ya sa aka bar shi yana ta shan ihun 'yan kallo wata biyar? Shi aka cuta mu ma aka cuce mu. Alhali ga José Caballero da aka karɓo daga Tampa ranar ƙarshe ta musaya, 31 ga Yuli, mutumin da ya fi kowa satar tasha a gasar da 49, wato rugawa tasha ta gaba ba tare da an daki ƙwallo ba, duk ranar da aka saka shi sai ka ga jerin ya motsa, amma da Oktoba ta zo sai ya koma benci Volpe ya ci gaba da sarar iska a gaban Toronto. Wannan ba lissafi ba ne, taurin kai ne, don kar a ce wanda suka zaɓa da hannunsu a 2019 bai kai ba.

Boone kuma tun 2018 yake nan, zuwa 2025 shekara takwas babu kofi. A zamanin tsohon mai ƙungiyar George Steinbrenner da tuni an sallame shi, wataƙila ma an dawo da shi an sake sallama, don haka ya riƙa yi wa kocinsa Billy Martin. Ban ce a koma wancan haukan ba, amma ɗansa Hal da ya gaje shi ya wuce gona da iri wajen haƙuri. Dubi wasan farko da Boston a zagayen da ya gabaci na Toronto, saboda kawai mai jifansu Garrett Crochet bahago ne sai Boone ya ajiye Ben Rice da Chisholm a benci, alhali Chisholm ya buga hom-ran 31 ya saci tasha 31, wai takardar kwamfuta ta ce bahago ba ya iya dukan bahago. Fried yana tafiya lafiya ba a ci shi ko ɗaya ba aka cire shi a zagaye na bakwai, wanda ya karɓa nan take ya zubar. Zagaye na tara muka cika tashoshi uku ba a fitar da kowa ba, kuma muka tashi ba maki ko ɗaya a hannun Aroldis Chapman, tsohon namu. Washegari aka dawo da Rice, zuwansa na farko ya aika ƙwallo bayan katanga, Chisholm kuma shi ya kwaso gudu tun daga tasha ta farko ya kawo makin da muka ci wasan da shi. Ba don Allah ya kawo yaron nan Cam Schlittler a wasa na uku ba, zagaye takwas ba a ci shi ba ya fitar da mutum 12, kuma ɗan yankin Boston ne fa, da tun a nan za mu tattara.

Ita ma maganar bahagwai laifin wanda ya haɗa ƙungiyar ne. Katangar dama ta filinmu gajera ce, ƙafa 314, don haka kullum Cashman bahago yake nema. Grisham bahago, Bellinger bahago, Rice, Chisholm, Austin Wells, Ryan McMahon duk bahagwai, Jasson Domínguez wai yana duka ta hannu biyu amma ta dama sai a hankali. Na dama masu tsoratarwa Judge ne sai Giancarlo Stanton, shi kuma Stanton rabin shekara yake yi a wajen likita, a 2025 sai Yuni ya fara saboda ciwon gwiwar hannu, ko da yake da ya dawo ya buga 24 a wasa 77, ba a raina masa. Duk ƙungiyar da ke da bahagon mai jifa mai kyau ta san maganinmu.

Musayar da ta fi ƙona min rai kuwa ita ce ta Devin Williams. Aka ba Milwaukee Nestor Cortes da wani ɗan gajeren yaro Caleb Durbin aka karɓo shi wai shi zai riƙa jifa a zagayen ƙarshe ya rufe mana wasa. Tun watan Afrilu aka karɓe aikin daga hannunsa, ya ƙare shekara ana cinsa kusan maki biyar a duk zagaye tara. Durbin kuwa ya je can ya riƙe tasha ta uku, irin yaran nan masu taɓa ƙwallo da ba sa faɗuwa a banza, daidai abin da muka rasa, Milwaukee ta fi kowa cin wasa a gasar da 97, mu kuma muka yi rabin shekara muna jarraba wannan muna jarraba wancan a tasha ta uku har sai da aka sake kwasar yara aka ba Colorado aka karɓo McMahon. Shi McMahon wajen kamu ba dama, mun ga yadda ya bi ƙwallo har ya wuntsila cikin ramin bencin Boston, amma wajen duka shi ma sarar iska ce. Haka aka ba Boston Carlos Narváez kamar kyauta ya je ya zama babban mai cafe musu ƙwallo a bayan mai duka. Abu ɗaya dai Williams ya bar mana na alheri, ana cewa ƙorafinsa na cikin abin da ya sa a watan Fabrairun 2025 Hal ya soke dokar hana gemu da babansa ya kafa tun 1976. Mu masu gemu mun ji daɗin wannan, dama abin yana ba ni mamaki a ce ƙato da shi sai an sa shi aski kamar ɗan makarantar kwana kafin ya saka riga.

To me nake so a yi don gasar 2026? Na farko a riƙe Bellinger, wanda ya fita daga kwantiraginsa a ƙarshen 2025. Na ji masu cewa a bar shi a nemo Kyle Tucker, ni ban goyi baya ba, wani bahagon ne kuma kuɗinsa zai cinye komai, Hal kuma ya riga ya sha faɗa cewa albashin da ya haura miliyan 300 ba abin da zai ɗore ba ne, ko da yake in ka ga kuɗin tikiti da na ruwan sha a filin nan sai ka rasa ina kuɗin ke zuwa. A nemo mai dukan dama wanda ba ya faɗuwa a banza ko da hom-ran goma kawai zai buga. A bar Rice ya buga kullum, bahago ko ba bahago ba, ta yaya yaro zai koya in kullum ana ɓoye shi. Domínguez kuma a yanke shawara, ko a ba shi fili ya yi ta kuskurensa har ya iya ko a yi musaya da shi tun yana da daraja, ba a ajiye shi a benci yana tsufa ba, ga Spencer Jones ma yana jira a baya. Kuma dole a ƙaro mai jifa na farawa, don Cole ba zai fara shekarar 2026 ba, Rodón ma an taɓa masa gwiwar hannu, Clarke Schmidt ya tafi jinya tun Yulin 2025, kar a ɗora wa Schlittler kayan da ya fi ƙarfinsa saboda dare ɗaya da ya yi kyau.

Duk wannan zafin da nake yi saboda Judge ne. Mutumin nan a 2025 ya buga .331, ya fi kowa a gasar, ga hom-ran 53, an sake ba shi gwarzon shekara karo na uku, kuma masu cewa ba ya iya Oktoba a shekarar ya rufe musu baki, rabin zuwan da ya yi sai da ya samu, har da hom-ran ɗin da ya maka wa ƙarfen gefen fili a wasa na uku da Toronto lokacin da muke ƙasa da maki uku. A watan Afrilun 2026 yake cika shekara 34. Ni a lamba biyu nake so a bar shi dindindin don ya riƙa samun zuwa da yawa, a sa masa mai iya hawa tasha a gabansa, Bellinger a bayansa, a daina juya jeri kullum. Ƙungiyar da ke taƙama da kofi 27 zuwa 2025 ta yi shekara 16 ba ta ƙara ko ɗaya ba, Dodgers kuwa sun ɗauka sau biyu a jere, kuma su ma kuɗi suke kashewa kamar mu, bambancin su suna sauya abin da bai yi ba tun kafin ya kashe su.

A watan Disamba ake yin taron da manyan ƙungiyoyi ke haɗuwa ana ƙulla cinikayya. Volpe dai ba zai warke kafin buɗe gasar 2026 ba, don haka dole Caballero ya fara, abin da nake jira in gani shi ne ko in ya yi kyau za a bar masa wurin ko kuwa ranar da likita ya sallami ɗan lele za a ce ya tashi. Masu son gwada kallo daga gida kuma su sani yawancin wasanninmu ƙarfe bakwai na yamma ake farawa a nan, wato sha biyun dare a Kano da Zinder, sai dai na ranar Lahadi da ake yi da rana wanda zai same ku wajen magariba. Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai karanta ku daga Bironks, Niyok, Amurka